Kundin Aikin Gansakuka a Ƙasar Birnin Kudu, 2025

14 ga Yuni

Aikin da ni da 'yan ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu muka ɗauko shi ne tattara gansakukar tudu da ke fitowa a ƙauyen nan da kewayensa, tun daga saukar ruwa har ƙasa ta bushe. Za mu adana samfur, mu kuma ware wasu wurare mu riƙa leƙawa, mu ga yadda abin ke tasowa da yadda yake yi idan ruwa ya ɗauke. Shekara da shekaru ina zana Funaria da Marchantia, gansakuka biyun da ke cikin littafin makaranta, a allo, yara su kwafa, su haddace, su juye a takardar jarrabawa, alhali ba wanda ya taɓa ɗora ko ɗaya a tafin hannunsa. Abin ya ishe ni.

Yau zaman rabe aya da tsakuwa muka yi. Koren da ke yawo a kan kududdufi da santsin bayan randa ba namu ba ne, waɗannan algi ne. Namu su ne ƙananan tsirran da littafi ke tarawa a ƙarƙashin sunan Bryophyta, kuma gida uku ne. Akwai masu ɗan kara da ganye, su suka fi yawa, wajen iri 12,000 a duniya. Akwai dangin hanta, sama da iri 7,000, wasunsu da ganye, wasu kuma a shimfiɗe suke a ƙasa ba kara ba ganye. Sai masu ƙaho, 'yan kaɗan, iri 200 da 'yan kai. Dukkansu ba su da saiwa ta gaskiya sai 'yan zaruruwan da suke kama ƙasa da su. Ba su da jijiyar itace mai hawar da ruwa irin ta dawa ko kuka, ba fure, ba tsaba. Da ƙurar iri suke yaɗuwa, kowace ƙwaya kuwa ƙwayar halitta ce guda ɗaya tal.

Kayan aikinmu: gilashin hannu mai ƙara girma ninki 10, tsohon maikiroskof na makaranta mai madubi (gara ma shi, ba ruwansa da wutar lantarki), reza, da tsofaffin takardu da za mu naɗe su zama ambulan.

28 ga Yuni

A gindin katangar ɗakin gwaji, daidai inda indararo ke zuba, akwai wani ɓawo ruwan ƙasa da ke nan tun bara. Na ɓanɓaro kaɗan da tsakar rana, ya bushe ƙayau, ganyensa sun nannaɗe sun murɗe. Na sa a faranti, wata ɗaliba ta ɗiga masa ruwa da tsinke. Kafin mai riƙe da waya ya gama saita kyamara, ganyen sun fara miƙewa, cikin 'yan mintuna ya zama kore shar. Yadda gefen ganyen ke naɗewa ciki idan ya bushe, da zamansa a kan siminti, sun nuna Hyophila ce, 'yar gidan masu kara da ganye.

Wannan shi ne ginshiƙin duk aikin. Gero idan ya bushe haka ya mutu, sai a jira wata shuka. Ita irin wannan gansakukar ba ta iya hana ruwan jikinta fita. Ganyenta galibi kaurin ƙwayar halitta ɗaya ne, iska ta bushe ta bushe tare da ita, iska ta jiƙe ta jiƙe. Yayin bushewa sukari da wasu sinadaran furotin suna daskarar da abin da ke cikin ƙwayar don kada ya wargaje, idan ruwa ya dawo sai ta gyara abin da ya lalace ta ci gaba da aiki. A 2024 masana a China sun nuna wata ta hamada, Syntrichia caninervis, tana rasa sama da kashi 98 cikin 100 na ruwan jikinta ta farfaɗo, har ta yi shekara 5 a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili ta sake tsirowa.

Baba mai gadi ya tsaya a kanmu ya ce, "Malam, wannan kuma maganin me ne?"

Na ce, "Baba, ba magani muke nema ba, rayuwarta muke kallo."

Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Ni dai da kayar da mutum a bakin rijiya na san ta."

Don kada ya tafi hannu rabbana na ba shi labarin Sphagnum, wata gansakuka ta ƙasashen sanyi, mai shan ruwa har ninki 20 na nauyinta, wadda aka riƙa ɗaure raunukan sojoji da ita a yaƙin 1914 zuwa 1918 da auduga ta yi ƙaranci. Ya ce wannan kam ta yi rana.

Wani yaro ya karanto cewa gansakuka a gefen arewa na bango take fitowa. Maganar Turai ce. Mu nan a wajen digiri 11 da rabi muke arewa da tsakiyar duniya, kuma daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana ta arewa da mu take bi da tsaka. A tsakiyar daminarmu ke nan bangon kudu ne ke samun inuwa. Na ce masa ya bar neman arewa, ya nemi inda ruwa ke daɗewa.

12 ga Yuli

Fakon da ke bayan filin ƙwallo, wanda ko tsidau ba ya son fitowa a kansa, shi ya ba mu abin da ya fi komai daɗi zuwa yanzu. Daga tsaye ɗigo-ɗigon kore kawai kake gani. Sai ka durƙusa ka sa gilashi. Kowane ɗigo da'ira ce mai faɗin santimita ɗaya zuwa biyu, a manne da ƙasa. Daga tsakiya reshe ya fito ya rabu biyu, kowanne ya sake rabuwa biyu, da ɗan kwari ya bi tsakiyar kowane reshe. Na ɗaga ɗaya da bakin reza: ƙasanta cike da fararen zaruruwa sun riƙo yashi, gefenta kuma jere da wasu 'yan ɓawo masu duhun shunayya. Riccia ce, 'yar gidan hanta. Wani masanin tsirrai na birnin Fulorens a Italiya, Micheli, shi ya raɗa mata sunan a 1729.

Iri biyu muka bambanta da ido. Ɗaya mai kauri, kore mai toka-toka, mai baƙin gefe. Ɗaya kuma mai taushi, kore fayau, ta fi son inda ruwa ke ɗan kwanciya. Mun kafa turaku mun auna murabba'i mai rabin mita a kan kowace.

A tsakankanin su ƙasar ta yi wani baƙin ɓawo, na ƙwayoyin bakteriya masu kore-shuɗi. Wata ɗaliba ta kankare tafin hannu ɗaya na ɓawon, ta zuba ruwan buta a nan da kuma inda ba a taɓa ba. Na wurin da aka kankare ya gangara jawur da laka, ɗayan ya gangara kusan garau. Ban ƙara mata bayani a kan zaizayar ƙasa ba, ta riga ta gani.

19 ga Yuli

Awaki sun bi ta kan murabba'i ɗaya. Mun kewaye duka biyun da ƙayar magarya. Jarrabawar ƙarshen zango ta tsayar da sauran aiki.

9 ga Agusta

Marka ta kankama, rana ba ta fito sosai ba duk makon nan. Ana hutu, sai 'yan cikin gari kaɗai ke zuwa. Wannan ne lokacin da gansakuka ke jira, don komai juriyarta ga fari, haihuwarta ba ta yiwuwa sai da ruwa kwance a jikinta.

A bayan masallacin makaranta akwai wata mai laushi, Bryum, a kan ƙasa mai danshi. Mun tsinko kawunan wasu rassa, muka farfasa su da allura a cikin ɗigon ruwa. A tsakiyar ganyen akwai wasu 'yan jakunkuna dogaye ruwan ƙasa, su ne na namiji. Ɗaya ta fashe a gaban idonmu, wani hazo ya fito, da muka ƙara girman madubin maikiroskof sai ga ƙananan abubuwa suna motsi a ciki. Ajin ya kaure da salati. Tsiro ne, amma ƙwayar namijinsa wutsiya biyu gare ta, iyo take yi ta cikin ruwan da ya lulluɓe ganye har ta kai ga ta mace, wadda ke zaune a gindin wani ɗan tulu mai dogon wuya. Tafiyar ba ta wuce 'yan santimita. Ɗigon ruwan sama idan ya faɗo ya fantsama yana ƙara mata nisa. A 2006 masana a Jami'ar Lund ta Suwidin sun nuna ƙananan ƙwarin cikin ƙasa ma suna ɗaukar ta a jikinsu su tsallakar da ita inda ruwa bai haɗe ba.

Inda yara ke rikicewa kullum shi ne abin da ke biyo baya. Koren tsiron da muke gani jeri ɗaya na kuromozom, wato zaruruwan gado da ke cikin ƙwayar halitta, gare shi. Idan namiji da mace suka haɗu, abin da za a haifa mai jeri biyu ne, kuma ba ya faɗuwa ƙasa ya yi zaman kansa. A kan uwar yake tsirowa, ya kafa ƙafa a jikinta yana tsotsar abinci, ya miƙa siririn kara, ya yi ƙoƙo a kai. Ɗan goyo ne da ba a taɓa yaye shi ba har ya mutu. A cikin ƙoƙon ne ake sake raba kuromozom gida biyu a yi ƙurar iri, ita kuma ta faɗi ta tsiro ta zama kore irin kakarta. A dawa da mangwaro abin juye yake: mai jeri biyun shi ne babban tsiron, mai jeri ɗayan ya ƙanƙance ya ɓuya a cikin fure.

Wanda ya gano cewa duk tsirran tudu a kan wannan karɓa-karɓar suke shi ne Wilhelm Hofmeister, a 1851. Mai sayar da littattafai ne a Laifzig ta Jamus, bai yi jami'a ba, da asuba yake duba maikiroskof ɗinsa kafin ya fita kanti. Nakan so in gaya wa yara wannan.

23 ga Agusta

Mun je duwatsun Birnin Kudu, wajen da zanen shanun mutanen da yake a jikin dutse. Kusa da zanen ba mu taɓa komai ba. Can gefe, a cikin wani tsagi da ruwa ke tsattsafowa, wani abu na ƙyalli kore-rawaya a cikin duhu. Cyathodium ce, ita ma 'yar gidan hanta, sirantakarta ta kai ko da reza ka ɗago ta sai ta yage. Da ƙasarta muka yanko ta.

A hanyar dawowa, a gefen wani suri da ke ƙarƙashin tsamiya, mun sami Fissidens, wata mai kara da ganye. Ba a ɓata ta: ganyenta sahu biyu ne a baje, dama da hagu, kowane ganye da ɗan aljihu a gindinsa da ya rungumi na gaba da shi. Duk tsiron bai kai rabin santimita ba.

6 ga Satumba

Bryum ta bayan masallaci ta yi 'ya'ya. Jajayen karare sun tashi, tsawon santimita ɗaya da wani abu, kowanne ƙoƙonsa ya sunkuyo. Waɗanda suka nuna murfinsu ya faɗi, bakin kuma kewaye da haƙora. Mun ƙirga na waje, 16. A gidan masu kara da ganye adadin haƙoran galibi 4 ne, ko 8, 16, 32 ko 64, kuma da su masanin tsirrai Johann Hedwig ya rarrabe ire-irensu a aikinsa da ya fito a 1801, wanda har yau daga kansa ake fara lissafin sunayensu.

Na ce wa wani yaro ya hura wa ƙoƙon numfashi a hankali yana kallo ta gilashi. Haƙoran suka motsa, da danshin ya wuce suka koma. Da wannan motsin suke sakin ƙurar kaɗan-kaɗan, su bar iska ta ɗauka. Kowace ƙwaya ba ta fi kashi ɗaya ko biyu cikin 100 na milimita ba.

20 ga Satumba

Gida na ukun, masu ƙaho, ya samu. A fadama, a jikin kunyar da ta raba gonakin shinkafa, inda laka ba ta bushewa kuma shinkafar ta yi inuwa, akwai wata shimfiɗa kore mai duhu, mai maiƙo-maiƙo, gefenta a yamutse. Da ba don ƙahonin ba da mun ɗauka wata Riccia ce. Sirara ne, a tsaye, santimita biyu zuwa uku, gindi kore, kai baƙi ya tsage biyu.

Mai gonar, dattijo ne, ya ce, "Malam, yaran nan kada su tattake mini kunya. Me kuka gani?" Na nuna masa. Ya ce, "Wannan? Ai da na zo da fartanya da tuni na share ta." Na ce, "Baba, a yi mana alfarmar taku biyu, zuwa girbi." Ya yarda, da sharaɗin mu riƙa bi ta gefen rafi.

Ƙahon shi ne goyon, amma dabam yake da na sauran. Na Bryum sau ɗaya yake nuna ya ƙare. Wannan kuwa daga gindi yake girma, kai na tsagewa yana zubar da ƙura, gindi na ƙera sabuwa, haka zai yi ta yi muddin laka na da danshi. A ƙaho ɗaya sai ka ga ƙura ɗanya a ƙasa, mai nuna a tsakiya, nunanna a sama. Tamu baƙa ce, alamar Anthoceros ke nan, da rawaya ce da mun ce Phaeoceros.

A madubi abu biyu suka fito. Na farko, kowace ƙwayar halitta jakar kore ɗaya ce babba a cikinta, alhali a ganyen Bryum gomiya-gomiya ne ƙanana. A tsakiyar jakar akwai wani dunƙule mai tara iskar kabon a inda ake haɗa abinci. Algi suna da shi, amma a tsirran tudu masu ƙaho kaɗai ke da shi. Shi ya sa tun da aka fitar da taswirar gadon Anthoceros a 2020 masana ke duba ko za a iya dasa dabarar a shinkafa da alkama. Dawa da gero da masara suna da tasu hanyar tara kabon, shinkafa ce ba ta da ita, ga kuma mai dabarar a gindinta ana share ta da fartanya.

Na biyu, idan ka ɗaga shimfiɗar ga haske za ka ga baƙaƙen ɗigo a cikin namanta. Mun fasa ɗaya, sai ga jerin 'yan ƙwayoyi a sarƙe. Nostoc ce, bakteriya mai kamo naitirojin daga iska. Ta sami masauki da abinci, tsiron ya sami taki. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, irin ƙululun saiwar wake ke nan?" Bakteriyar ba ɗaya ba ce, amma cinikin iri ɗaya ne.

11 ga Oktoba

Ruwa ya ɗauke. Murabba'an fako guda biyu sun rabu hanya, kuma wannan ne abin da na fi son yara su riƙe daga duk aikin.

Mai kaurin ba ta mutu ba. Gefunanta sun naɗo sama sun haɗe, baƙaƙen ɓawon nan sun rufe koren gaba ɗaya, abin da ya rage a ƙasa 'yan baƙaƙen layuka ne da ba wanda zai ce tsiro ne. Mun zuba wa gefe ɗaya ruwa da safe, kafin azahar ta buɗe.

Mai taushin kuwa ta yi fari, ta ruɓe, ta bar baƙin gari a inda take. Goyon Riccia ba shi da kara, a cikin naman uwar yake binne, ƙurar ba ta da hanyar fita sai uwar ta ruguje. Ƙwayoyin manya ne, wajen kashi ɗaya cikin 10 na milimita, da gilashin hannu ma ana ganin su ɗaya-ɗaya. Iska ba ta kai su nesa. A nan za su zauna su jira baɗi, sai abin da ruwa ya ja ko kofaton shanu ya kwasa. Wato a fako ɗaya, taku uku tsakani, ɗaya ta shiga rani da jikinta, ɗaya ta shiga da irinta.

25 ga Oktoba

Za a yi baƙi, an ce a yi fenti, an kankare gindin katangar ɗakin gwaji tas. Wai gansakuka ce ke cin bango. Ruwan da ke kwanciya a wurin shi ne babban mai ɓarnar, ita shaidarsa ce. Indararon da ya tsage yana nan ba a taɓa shi ba. Baba mai gadi ya tsince mana ɓaraguzan a kwali, Allah ya saka masa.

15 ga Nuwamba

Mun gama naɗe samfur. Ba a danne su a cikin littafi yadda ake yi wa ganye, ba a kuma sa su a leda, sai su yi fumfuna. A inuwa ake shanya su, a sa a ambulan na takarda, a rubuta rana da wuri da abin da aka same su a kai: ƙasa, dutse, siminti ko ɓawon itace.

Marchantia ba mu gan ta ba ko sau ɗaya. Funaria an san ta da son toka, mun duba wajen ƙona shara da inda aka yi gawayi, babu. Su biyun da ke cikin littafi ke nan. Zan ci gaba da koyar da su tunda su ake tambaya, amma daga yanzu da Riccia zan fara, don ita ce yaro zai taka a hanyarsa ta zuwa makaranta.

Sunayen da muka rubuta na dangi ne. Kai wa ga sunan iri, musamman a Riccia, sai an duba zanen da ke jikin ƙurar da madubi mai ƙarfi, a gwada da littafi irin na Eustace Jones, masanin Ingila da ya tattara samfur a Najeriya, wanda aikinsa kan Afirka ta Yamma ya fito a 2004 bayan rasuwarsa. Mun raba kowane samfur biyu, rabi za mu kai sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Tarayya da ke Dutse mu nemi a duba mana.

13 ga Disamba

Hunturu ya sauka, fakon ya koma fari fat. A ƙarshen watan jiya mun kankaro saman ƙasarsa, kaurin santimita ɗaya, muka zuba a robobin abinci masu murfi garai-garai. Rabi mun soya ƙasar a kasko tukuna don a kashe duk abin da ke ciki. Muka jiƙa duka da ruwan da aka tafasa ya huce, muka rufe, muka jera a taga inda rana ba ta bugawa kai tsaye.

Yau robobin da ba a soya ba sun yi wani kore-kore a sama, na soyayyar ƙasa ba komai. A madubi koren zaruruwa ne masu rassa. Don kada a ce algi ne mun duba katangun da ke tsakanin ƙwayoyin: a zaruruwan da suka fara yin ruwan ƙasa a karkace suke, wannan kuwa alamar gansakuka mai ganye ce a matakinta na farko, kafin ta fitar da toho. A roba ɗaya akwai 'yan faya-fayan kore da ba su kai milimita ba, muna sa ran Riccia ce, sai sun rabu biyu za mu rubuta.

Tambayar da ta rage ita ce tsawon jiran. A 2013 masaniyar gansakuka Catherine La Farge da abokan aikinta sun tsirar da gansakukar da ta yi wajen shekara 400 a ƙarƙashin ƙanƙara a tsibirin Ellesmere na Kanada. Amma sanyi adanawa yake yi, mu zafi ne matsalarmu, a Afrilu iska kanta tana haura digiri 40, balle saman fako. Saboda haka mun raba ɓaraguzan katanga da Riccia mai kauri gida-gida, rabi a cikin kabad, rabi a kan kwanon ɗakin gwaji. Ƙarshen kowane wata za mu jiƙa kashi ɗaya daga kowanne mu rubuta ko ya buɗe da lokacin da ya ɗauka, har zuwa ruwan farko. Ana bukatar ma'aunin zafi da za a iya kwantarwa a ƙasa, na rubuta wa shugaban makaranta. Idan kuɗin mota ya samu, a Agusta mai zuwa za mu gangara Riruwai a kudancin Kano, inda ruwa ya fi yawa, mu duba jikin itatuwa, don a bana ɓawon itace ne muka fi yi wa gajeren bincike.